Dutsen da Aka Ɗauke Daga Ƙafar Motarsa

Wa ya ɗauke dutsen? Abin da nake tambaya ke nan tun ranar da aka kai mijina makwancinsa, kuma har yau ban sami mai amsa mini ba. Garinmu ba wani babban gari ba ne, ƙauye ne a bakin ruwa, kusa da Warra. Idan akuya ta ci tsakin wata a wannan gefen, kafin ta gama lashe baki an ji a wancan gefen. Amma dutsen da sai an sa hannu biyu ake ɗaga shi, an ɗauke shi da hantsi, bakin ruwa cike da mutane, kowa ya ce bai gani ba.

Ɗiyar ƙanwata ce ke rubuta wannan, ni ban yi karatun boko ba. Ta ce in sassauta harshe tunda mutane za su karanta. Na ce ta rubuta yadda ya fito daga bakina. Idan kuka ya zo mini ta dakata, in share hawaye, mu ci gaba.

Masu ta'aziyya sun ce ƙaddara ce. Na yarda da ƙaddara, ni Musulma ce, ba wanda zai koya mini wannan. Sai dai wannan ƙaddarar da ƙafafu biyu ta zo, ta sunkuya, ta sa hannu ta fizge dutse daga gaban tayar mota alhali mutum na kwance a ƙarƙashi.

Mijina mutumin ruwa ne. Iyayenmu na cikin waɗanda aka tasa daga tsibiri lokacin da aka tare kogi ruwa ya cinye tsohon gari. A jirgi ya tashi, a jirgi ya yi furfura, yana fito da mutane da buhuna zuwa ƙetare. Da sanyin ruwa ya kama masa gwiwoyi, har sai ya dafa bango yake miƙewa daga sallah, sai ya sayar wa ƙaninsa jirgin, ya tafi Yelwa, ya dawo da akori-kura. Tsohuwa ce fara, ta riga ta sha wuya a hannun mutanen da ba mu sani ba. Ƙofar gefen fasinja da igiya ake ɗaure ta.

Na tsaya na dube ta na ce, "Malam, wannan ce aka ba ka a maimakon jirgi?"

Ya shafa mata goshi ya ce, "Ita ma jirgi ce, Innar yara. Ta tudu ce kawai."

Kuma haka ya riƙe ta, kamar jirgi. Da ya ce bayanta ya yi masa ƙasa, bai kira mai walda ba, masassaƙin jirgi ya kira. Suka shimfiɗa katako a ciki, suka ɗaga gefe da gefe, suka toshe tsagogin da auduga da kwalta yadda ake toshe kwalekwale. Wai don ya riƙa zuba ruwa yana kai tarwaɗa da ransu kasuwar Yelwa, tunda mai rai ta fi daraja a can. Na ce masa, "Kowa kwalfe ruwa yake yi daga jirginsa, kai ka zo kana ɗura wa naka." Ya yi dariya har da tari, ya ce shi ya sa nasa ya fi na kowa.

Ruwa nauyi gare shi. Bayan motar ya zauna kamar tsohuwar da ta gaji, sai ya je aka ƙara mata sifirin na babbar mota. Daga nan idan ba kaya, tsalle take yi a hanya har kan mutum ya bugi rufi. Ya sa mata benci, ya sa mata madubi ta kowane gefe, ya rataya tsohuwar ƙwaryar kwalfe ruwa kusa da sitiyari. Kowace la'asar yana ƙarƙashinta ko cikin bakinta, hannu duk baƙin mai, rigunan da na wanke da wahala ya mai da su tsumma. Yana da wata ɗabi'a tun zamanin gyaran jirgi: ƙusa a baki yake riƙe ta. Da ya koma mota sai ya riƙa tara noti a kumatu, ina yi masa magana yana amsa mini da hanci.

Kwalta ba ta hana ɗiga duka. Ruwan kifin nan ya riƙa tsiyaya ta ƙasa, a hankali ya cinye wayar birkin hannu, wata rana ya ja sai ta biyo hannunsa. Ba a daɗe ba abin da ke tayar da inji da makulli shi ma ya mutu. Da wani mutum ne, da sai ya gyara. Mijina ya zagaya ya duba gari, ya ga gangaren da ya sauka daga ƙofar gidanmu zuwa bakin ruwa, ya ce Allah ya riga ya gyara masa.

Ga yadda muke yi. Da yamma ya aje ta a kan gangaren, hancinta na kallon ruwa, ya bar ta a giya, ya sa mata dutse a gaban tayar baya. Da safe ya shiga, ya taka kuloci, ya ce, "Ja!" Ni kuma in kama igiyar dutsen in fizge ta gefe. Motar ta gangara, ya saki ƙafa, ta yi tari, ta yi atishawa, ta kama. Ya juyo da ita a kan rairayi kafin ruwa, ya dawo ya ɗauki dutsen ya jefa baya, ya tafi. Ni ce mai jan dutsen nan shekara da shekaru. Na san nauyinsa kamar yadda na san nauyin tulun ruwana.

Ba dutsen banza ba ne. Shi ne dutsen da yake jefawa cikin ruwa ya tsayar da jirginsa, tun yana saurayi. Baƙi ne, mai santsi, yana da ƙugu a tsakiya inda igiya ke zama ba ta zamewa. Wanda ba ɗan bakin ruwa ba ba zai gane ba. Wajenmu yashi ne da laka, dutse mai kyau wahalar samu gare shi. Shi ya sa tun kakanni, dutsen da ke aje a bakin ruwa ba a tambayar mai shi. Wanda zai tsayar da jirgi ko zai danne raga ya ɗauka, idan ya gama ya mayar. Ba sata ba ce, ba wanda ke jin kunya. Haka aka saba, kuma da wannan sabon aka kashe mini miji.

Mutum biyu ne suka fi sa wa dutsen ido. Na farko ƙaninsa, wanda ya sayi jirgin. Shi a ganinsa dutsen cikin cinikin yake. Yakan zo da wasan ƙanin miji ya ce, "Matata, an sayar mini da doki an riƙe linzami." In ce, "Matarka tana gidanka. Dutsen kuma ka taɓa shi ka gani." Ya yi dariya ya wuce, amma sau da yawa na fito na tarar ba dutse, sai da yamma ya dawo da shi a jiƙe.

Ta biyu maƙwabciyarmu mai suyar kifi a gindin gangaren. Murhunta kullum da ƙafa ɗaya gurguwa. Ranar da na ga dutsen mijina a ƙarƙashin kaskonta ya yi baƙin hayaƙi, na sa ƙafa na ture shi, mai ya zube a wuta. Ta ce, "Inna, a kan dutse?" Na ce, "A kan dutse. Mota yake riƙe." Ta nuna motar da matsami ta ce, "To ga ta can tsaye, ina ta je?"

Gaskiya ta faɗa, kuma gaskiyar nan ce ta cuce mu. Giya ke riƙe motar. Dutsen taimako ne kawai. An ɗauke shi ya fi a ƙirga ba abin da ya faru, har mutane suka ɗauka fitinata ce kawai. Shi kansa maigidan yakan ce, "Bar su, Innar yara. Dutse ne, zai dawo."

Sau ɗaya na bi shi Yelwa da bandar kifina, muka biya garejin bakaniken da yake kai wa aiki. Wani mai tumbi ne, goro a baki, yana kiran kowa maigida. Na tsallake baƙin mai na same shi na ce ya gyara birkin hannun nan yau, ina tsaye. Ya dubi mijina, ya dube ni, ya fashe da dariya.

"Inna, birkin hannu? Duk motocin da ke bin hanyar Warra nuna mini mai shi. Wannan ai kayan matsorata ne."

"Ni matsoraciya ce. Gyara."

"Maigida, ka zo da direba ashe ba ka faɗa ba."

Suka yi ta dariya su da masu zaman banza a benci. Mijina ya ji kunya a gaban maza, ya ce in je in jira shi a kasuwa. Da ya zo ɗaukata sai ya danna mini wani ƙaho da ya sa tantabarun kasuwa suka tashi. Ham ɗin babbar mota aka sa mata. Birkin hannu yana nan yadda yake. Ban yi masa magana ba har muka iso gida, shi kuma duk garin da muka ratsa sai ya danna.

Ina jin haushinsa har yanzu, kada a ce na ɓoye. Ina kuka ina jin haushinsa. Mutum ya yi wa mota ado ta ko'ina ya bar abin da zai tsayar da ita.

Daga baya ta fara wani ƙara a ƙasa, kwas-kwas, idan ya canza giya. Bakaniken ya ce gaɓar farfela ce, wato dogon ƙarfen nan da ke kai juyi daga inji zuwa ƙafafun baya. Ya ba shi sabuwar gaɓa ya ce ba sai ya kawo motar ba, noti kaɗan ne, ya kwance a gida ya ɗaura. Bai gaya masa cewa da zarar an sauke farfela, giya ba ta riƙe komai ba. Mijina jirgi ya sani. A jirgi idan ka ɗaga inji ka jefa dutse, jirgi ya tsaya. Ya sa dutsensa, ya shimfiɗa buhu, ya shiga.

Ranar an yi kamun warangi da yawa, ƙananan kifin nan da ake shanyawa, bakin ruwa ya cika. Jirage na shigowa, mata na shanya, Fulani sun kawo shanu shan ruwa, ga 'yan sarin kifi daga Yelwa a kan babura. Na kai masa kunu na aje kusa da taya. Ƙafafunsa kawai nake gani. Na ce, "Ga kunu nan." Ya amsa da hanci, na san noti na bakinsa. Na duba dutsen, yana nan daram a gaban tayar baya, igiyarsa a kwance. Da idona na gani. Na koma ciki na zauna tsintar shinkafa.

Ban ji ƙarar mota ba, tunda injin ba a kunne yake ba. Ihun mata na ji. Da na fito motar ta riga ta kai ruwa, hancinta ya nutse, bayanta a sama. Shi kuma yana kwance a kan buhunsa, a inda na bar shi, ƙafar baya ta bi ta kan ƙirjinsa. Kunun bai ko zube ba. Noti na warwatse kusa da bakinsa. Na durƙusa na ɗago kansa, kuma ko a lokacin, ko a cikin wannan tashin hankalin, idona ya nemi dutsen. Gurbinsa kawai na gani a yashi.

Motar da za ta kai shi asibiti ita ce a cikin ruwa, ba wata a garin. Aka ɗauke shi aka sa a tsohon jirginsa, ƙaninsa ya ja inji, muka nufi Warra. Ba mu kai da shi ba. Abin da ya faɗa mini a jirgin zan faɗa, amma bari in gama da mutanen garin tukuna.

Wanda ke kwance ƙarƙashin mota ba ya ganin fuska, ƙafafu yake gani. To ni ma ƙafafu na koma kallo. Ina zaune a tabarmar takaba, mayafi ya rufe mini fuska, duk wanda ya shigo gaisuwa ƙafarsa nake bi da ido. Masu faso, masu lalle, masu silifas ɗin roba, masu laka har idon sawu. Suna cewa, "Inna, ya haƙuri?" ina cewa a zuci, ke ce? Kai ne? Mai suyar kifi ta kawo tuwo kwano guda, tana kuka har da majina. Na sa aka ba kaji. Ƙanin mijina ya zauna a zaure yana karɓar gaisuwa, ya rame, ba ya cin abinci. Mutane suka ce dubi yadda mutuwar wansa ta taɓa shi. Ni na ce me ke cin sa haka?

Na aika aka kira shi, ya tsaya a bakin ƙofa.

"Ina kake lokacin?"

"Ina gyaran raga, Yaya. Kowa ya gan ni."

"Da can matata kake ce mini. Yau na zama Yaya?"

Na ƙara jefa masa wata tambayar.

"Da wane dutse ka tsayar da jirgi ranar?"

"A turke na ɗaure shi. Wallahi, Yaya, ki ji tsoron Allah."

"Ni ce zan ji tsoron Allah?"

Ya juya ya fita yana share ido da hula. Ban sani ba ko hawayen mai gaskiya ne ko na mai laifi. Kamarsu ɗaya.

Mai gari ya aiko a ce mini in bar maganar, wai ina raba zumunta. Liman ya zo da kansa ya yi mini nasiha mai kyau, na saurara, na yi godiya. Da zai tashi na dubi ƙafarsa shi ma.

Bayan an yi sadakar bakwai, wata safiya jikanyata ta shigo ta ce ga dutsen Baba a ƙofar gida. Na fita da takabata, ban damu da wanda zai gani ba. Yana nan a daidai gurbinsa a kan gangaren, a jiƙe, da gansakuka a jikinsa. An canza masa igiya sabuwa. Wato wanda ya ara ya gama, ya mayar, yadda aka saba. Har da kyautar igiya. Na duba ƙullin, irin wanda kowane masunci ke yi ne. Na duba yashi in ga sawu, shanu sun riga sun bi ta wurin. Na tsaya a kan gangaren na ɗaga murya na faɗi maganganun da ɗiyar ƙanwata ta ce ba za ta rubuta ba. Kowa ya sunkuyar da kai a kan ragarsa.

Na ɗauki dutsen da kaina na kai ɗaki. Yana ƙarƙashin gadona. Wanda ke son aro ya shigo ya tambaye ni.

Da aka zo rabon gado, 'ya'yana suka kira bakaniken nan ya cire injin a sayar. Ya shigo gaishe ni, goro a baki kamar kullum. Shi ne ya yi mini bayanin farfela da giya, yana kwatantawa da hannu. Ya ƙare da cewa, "Ai wannan kowa ya sani, Inna." Na ce, "Wanda ka ba ƙarfen ya sani?" Ya ce Allah ya ji ƙan maigida, mutumin kirki ne. Na ce ya tashi daga tabarmata.

Gangar jikin motar ba wanda ya jawo ta. Tana nan inda ta tsaya. Idan ruwa ya cika ya rufe ta sai rufin, idan ya janye ta fito da tsatsa da katakon da ya toshe da hannunsa, har yanzu yana riƙe ruwa, 'yan kifi na yawo a ciki. Yanzu a jikinta mutanen garin suke ɗaure jiragensu. Kowace safiya ina ganinsu daga ƙofa, jirage jere a ɗaure da motar mijina. Ba mai neman dutse kuma. Sun sami abin da ya fi dutse.

Ba na zuwa suna, ba na zuwa biki. Mai suyar kifi ta gaji da gaishe ni ta daina. Ƙanin mijina yana aiko da kifi duk ranar da ya yi kamu, ina karɓa don jikoki, ni ba na ci. 'Ya'yana sun ce in koma Yelwa wurinsu in huta da ganin ruwan. Ba zan tafi ba. Mai ƙafafun nan yana garin nan, yana wucewa ta ƙofata, wataƙila yana ce mini ina kwana. Ina so ya riƙa ganina zaune.

To, jirgin. Ina zaune a tsakiya, kansa a cinyata, na tare masa rana da mayafi. Ƙaninsa na can baya riƙe da inji, ƙarar ta cika kunne, wasu maza biyu na gaba suna kallon hanya. Numfashinsa na fita da wani sauti kamar ana taka busasshen kara. Ya buɗe ido ya dubi gefen jirgin, ya kai hannu ya shafa wani faci da shi ya yi da kansa shekarun baya. Na sunkuya har kunnena ya taɓa bakinsa, na ji warin baƙin mai. Ban ce masa sannu ba, ban ce ya yi salati ba, sai daga baya na laƙƙana masa, leɓensa kawai ya motsa. Abin da na fara ce masa shi ne, "Malam, wa ya ɗauke?"

Ya daɗe yana kallona. Gefen bakinsa ya ɗan motsa, irin yadda yake yi idan zai tsokane ni.

"Na ga ƙafafun, Innar yara. Ba zan gaya miki ba. Na san halinki."